Daga Fim Zuwa Dijital: Ina Makomar Tsofaffin Gilasanmu?



   

Batun da aka ɗora mini shi ne: mutum yana da kyamarar fim da gilasanta, wato lens, yana son komawa dijital. Shin gilasan nan za su bi shi, ko sai ya sake sabon lale? Na san mu kashi biyu ne a ɗakin nan. Akwai waɗanda suka daɗe da komawa dijital, suka kulle tsofaffin kayansu a akwati suka tura ƙarƙashin gado. Akwai kuma matasan da suka gaji jakar kyamara daga mahaifi ko maigidan shago, suna jujjuya gilasan suna tambayar ko da sauran amfani. Maganata ta shafi kowa.

Abin da na zo in tsayar guda ɗaya ne. Mafi yawanmu baibai muke yin abin: mu je kasuwa mu zaɓi kyamarar da ta burge mu, mu biya, mu dawo gida, sannan mu tambaya ko gilasanmu za su hau. Kamata ya yi a fara buɗe jaka a ga gilasan da ke ciki, su ne za su faɗa maka kyamarar da za ka saya.

Na ɗaya: Me ya sa gilashi yake binne bodi?

A zamanin fim, kyamara akwati ce mai tsare haske. Kyan hoto yana wurin abu biyu, gilashin da ke gaba da fim ɗin da ke baya. Shi ya sa Pentax K1000, wadda aka fara sayarwa a 1976 aka ci gaba da ƙera ta har 1997, take fitar da hoton da ba za ka bambance shi da na kyamarar da ta ninninka ta kuɗi ba, muddin gilashi ɗaya ne, fim ɗaya ne. Dijital ta rushe wannan lissafi. Yanzu abin da ke karɓar haske a manne yake cikin bodi, ba a cire shi, shi ne sensa. Ranar da sensa ta tsufa, bodi ya tsufa. Nikon D1 da ta fito a 1999, wadda 'yan jarida suka yi ta rububinta, megafiksel 2.7 ce kacal. Yau wa zai karɓe ta ya je aikin biki? Amma gilashin 50mm da aka ɗora mata a wancan lokaci, ka ɗora shi a kan sabuwar kyamara yau zai ci maka abinci.

Kamfanonin sun san haka tun farko. A 1991 da Kodak ta fitar da DCS 100, ba ta ƙirƙiri sabon baki ba. Bodin Nikon F3 ta ɗauka ta dasa masa sensa a baya, domin 'yan jaridar da ake so su saya jakunkunansu cike suke da gilasan Nikon.

Kafin wani ya tambaya, don na san za a tambaya: ba za a iya sa wa tsohuwar kyamarar tawa sensa kawai a huta ba? An yi wannan mafarki. Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani kamfani a Amurka, Silicon Film, ya yi ta tallar wata na'ura mai siffar gwangwanin fim da za a jefa cikin kyamara ta koma dijital. Ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Leica ta yi wa R8 da R9 murfin baya na dijital a 2005, amma kuɗinsa ba na irinmu ba ne. Saboda haka bodi sai haƙuri. Gilashi muke ƙoƙarin ceta.

Na biyu: Lambar da ke yanke hukunci

Jama'a, a nan nake so a ɗauki biro. Wanda ya gane wannan, ya gane rabin laccar.

Kowane gilashi an ƙera shi ne ya tara haske a wata tazara takamaimiya a bayansa. Ana auna ta daga zoben ƙarfen da gilashi ke zama a kai, wato bakin kyamara, zuwa fuskar fim ko sensa. Kowane gida da tasa. Ta Nikon F milimita 46.5 ce. Olympus OM, 46. Pentax K da gilasan zare na M42, irin na Zenit da Praktica, duka 45.46. Canon EF, 44. Tsohuwar Minolta MD, 43.5. Tsohuwar Canon FD, 42.

Ga dokar: adafta tana iya ƙara tazara, ba ta iya rage ta. Adafta ai zobe ne da ke shiga tsakanin gilashi da bodi, kuma komai sirantarsa yana da kauri. Don haka dole lambar gilashinka ta fi lambar kyamarar da za ka ɗora shi. Gilashin Nikon a kan Canon EF: 46.5 a cire 44, saura milimita 2.5, zobe siriri ya wadatar. To juya shi mana. Gilashin Canon FD yana son ya zauna a milimita 42, bodin EF kuma ya riga ya tura shi 44 tun kafin a sa adafta. Ina za ka samo milimita biyun nan? Sai dai ka sassaƙe bodin.

Me ke faruwa idan gilashi ya zauna nesa da inda ya kamata? Zai ɗauki fuskar da ke kusa da kai tas, amma abin da ke nesa, a ce Dutsen Dala ko hasumiyar masallaci daga ƙarshen layi, ba zai taɓa fita ba komai murɗa zoben da ka yi. Akwai adaftocin da ake sa wa ɗan gilashi a ciki don gyara wannan. Suna gyarawa kam, amma sai su ƙara kusanto da hoto, su rage haske, su kuma kashe kaifin da dominsa ka riƙe gilashin tun farko. Ni ba na ba kowa shawarar su.

Wannan lissafi ne ya sa Nikon ta zamo gida mai wuyar baƙunta. Lambarta ta fi ta kusan kowa, don haka gilasanta suna zuwa gidaje da yawa, na yawancin gidaje kuwa ba sa zuwa gidanta. Mai gilashin Zenit da ya sayi Nikon D3100 ya gamu da wannan, tsakaninsa da biyan buƙata milimita ɗaya ce tak.

Sai kyamarori marasa madubi suka zo suka buɗe ƙofa. Abin da ya sa tsofaffin lambobin suke da tsawo shi ne madubin da ke lilo tsakanin gilashi da fim yana buƙatar fili. Da aka cire madubin sai tazarar ta tsuke. Panasonic G1 ce ta fara a 2008, tazararta milimita 19.25. Sony ta kawo bakin E a 2010 da milimita 18, Fujifilm X tana 17.7, sannan a 2018 Canon RF ta zo da 20, Nikon Z da 16. Ku duba lambobin da kuka rubuta ɗazu. Akwai wadda ba ta fi waɗannan ba? Gilashin FD da aka yi shekaru ana yi wa kallon maraya, 42 a cire 18, saura milimita 24, bututu ne kawai babu komai a ciki, ya hau Sony ya zauna daram.

Sai dai fa araha ba ta ado. Adafta mara kyau takan yi rawa a baki, ko gefe guda ya ɗara ɗaya kauri har rabin hoto ya yi kaifi rabi ya dushe, ko ta cije a jikin gilashi ta ƙi fita. A gwada maɓallin sakinta tun a shago.

Na uku: Kowane gida da halinsa

Mu fara da Nikon, don na ga su suka fi yawa a nan. Bakin F tun 1959 yake, siffarsa ba ta sauya ba, abin a yaba ne. Amma hawa daban, aiki daban. Gilasan da aka yi kafin 1977, kafin tsarin AI, idan ka tilasta su a kan bodi irin D700 ko D7000 za su iya lanƙwasa ko karya ɗan harshen da ke gefen baki, wanda kyamara ke karanta ƙofar haske da shi. Yaya za ka gane AI? Dubi zoben ƙofar haske. Idan lambobin layi biyu ne, manya da ƙanana a ƙasansu, kuma kunnuwan ƙarfen da ke kan zoben suna da huji, AI ne. Nikon Df ta 2013 an yi mata harshen da ake naɗewa musamman don tsofaffin.

Tarko na biyu shi ne na gilasan AF da AF-D na ƙarshen zamanin fim. Su ba su da mota a ciki, bodi ne ke juya su da wani ɗan sukurudireba da ke leƙowa daga baki. Tun daga D40 a 2006, ƙananan bodin Nikon, jerin D3000 da D5000, an cire musu wannan mota. Gilashin zai hau, zai auna haske, amma fokas sai da hannu. D90 da D7000 da D700 suna da motar. Adaftar FTZ ta zuwa bakin Z ita ma ba ta da ita. Mutum nawa suka sayi ƙaramin bodi don rangwame, suka koma suna sayen gilashin da suke da irinsa a gida?

Canon labarinta biyu ne. A 1987 ta juya wa bakin FD baya ta kawo EF mai aiki da lantarki zalla. Masu AE-1 da F-1 sun ji haushi, kuma suna da gaskiya. Amma wanda kyamararsa ta fim EOS ce, shi ya fi kowa sa'a a ɗakin nan: duk gilashin EF na Canon tun daga 1987 yana aiki cikakke a kan EOS ta dijital, fokas da awo da komai, haka ma a kan RF ta hanyar adaftar kamfanin. Sai dai wasu tsofaffin gilasan da wasu kamfanoni suka ƙera wa bakin Canon sukan ƙi magana da sabon bodi, ka danna ka ga Err 99. Mai FD kuwa hanyarsa ɗaya ce, marar madubi.

Pentax ta fi kowa riƙon zumunci. Bakin K na 1975 har yau yana nan, gilashin K1000 zai hau bodinta na dijital kai tsaye, ka danna ɗan koren maɓalli ta auna maka haske. Minolta kuwa a 2006 ta miƙa sana'ar kyamara ga Sony, don haka gilasanta na AF tun daga 1985 sun zarce kan Sony Alpha masu bakin A. Na MD ba su cikin wannan gado, su ma sai marar madubi.

Na huɗu: Gilashin ya hau, amma ɗaki ya tsuke

Fuskar fim ɗin 35mm faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Yawancin kyamarorin dijital masu sauƙin kuɗi sensarsu ba ta kai haka ba, kusan 24 da 16 ce, ita ake kira APS-C. Gilashin bai sauya ba, hoton da yake jefawa yana nan yadda yake, amma sensa tsakiyarsa kawai take kamawa, gefe ya zube. Lissafin shi ne ka ninka lambar gilashi da 1.5 a Nikon da Pentax da Sony da Fujifilm, da 1.6 a Canon, da 2 a Olympus da Panasonic masu ƙaramar sensa.

Ku kawo shi cikin situdiyo. Alhaji ya zo da iyalansa ranar Sallah, mutum goma sha, a da ka ɗora 28mm ka kwashe su duka. Yanzu 28 ta koma kamar 42 a Nikon, kusan 45 a Canon. Ka ja baya, ka ja baya, sai ka ji bango a gadon bayanka, kuma har yanzu yara biyu na gefe ba su shigo ba. Wannan shi ne babban abin da ke ba mutane mamaki ranar farko. Kafin ka sami faɗin 28 ɗinka na da, sai ka sa 18mm, kuma dalilin ke nan da ya sa gilashin da ake haɗa wa waɗannan kyamarori yake farawa daga 18 zuwa 55.

Amma abin da ya ci ka a ɗaki zai biya ka a fili. Gilashin 50mm ya koma kamar 75 ko 80, daidai hoton fuska da na fasfo. Na 200mm ya koma kamar 300, ranar hawan Daushe kana tsaye inda 'yan doka suka tsayar da kai kana cika firam da mahayi da dokinsa.

Wanda yake son gilasansa su ga abin da suka saba gani, sai ya nemi cikakkiyar sensa. Canon 5D ta 2005 ce ta fara sauko da ita inda ɗan sana'a zai iya miƙa hannu, Nikon ta biyo da D3 a 2007 da D700 a 2008, Sony A7 marar madubi a 2013, Pentax K-1 a 2016. A ra'ayina, mai gilasai uku ko huɗu masu kyau gara ya sayi cikakkiyar sensa ta hannu da ya sayi sabuwar APS-C a kwali. Wani zai ce sabo ai sabo ne. Na ji, amma lissafa kuɗin gilashi mai faɗi da za ka ƙara saye, sannan mu sake magana.

Na biyar: Ido da hannu

Iyayenmu a wannan sana'a za su tuna da da'irar nan da ke tsakiyar tagar leƙe, wadda ke raba hoto biyu sai ka murɗa sun haɗu. A kyamarar dijital mai madubi babu ita, an yi tagar ne don fokas na mota, kuma a ƙananan bodi tagar ƙarama ce mai duhu. Saita f/1.4 da hannu a cikinta caca ce. Marar madubi ta fi dacewa da wannan aiki, domin tana shafa wa gefen abin da ya fita launi, ja ko rawaya, kuma tana kusanto maka da ƙwayar ido ka duba kafin ka danna. Wasu bodin, kamar Pentax tun K100D da Sony masu bakin E tun A7 II, suna rage rawar hannu daga sensa, sai dai dole ka shigar musu da lambar gilashin da kanka, don tsohon gilashi ba ya gaya wa bodi sunansa.

Awon haske kuma sai an sake koyo. Fim ɗin nagatif mai yafiya ne, ka zarce da haske mai wanki ya rufa maka asiri. Sensa ba ta yafe wannan. Ango cikin farar shadda da tsakar rana, idan farin ya ƙone, aikin zaren da ya biya kuɗi mai yawa a kansa ya tafi, babu kwamfutar da za ta dawo da shi. Ku auna don farin, ku ɗauka a RAW, ku ɗago fuska daga baya.

Na shida: Ƙura, fumfuna da filash

A fim, kowane hoto sabuwar fuska yake samu, ƙurar da ta sauka ta wuce da firam ɗaya. Sensa tana nan wuri guda, ɗigon da ya zauna zai fito a kowane hoto, musamman a sararin sama idan ka tsuke ƙofa zuwa f/16. Mu da muke da hunturu, kuma mai tsofaffin gilasai yana yawan cirewa da sawa, sai mun ninka kula. A kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a juya wa iska baya. A hura da roba, kada a hura da baki. Tsofaffin zum ɗin nan da ake ja gaba da baya kuwa iska suke zuƙa su fesa ciki.

Gilashin da ya yi damina da yawa a akwati, a haska shi da tocila ta baya. Idan ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, a ware shi daga sauran. A duba fukafukan ƙofar haske, idan da maiƙo za su riƙa nawa wajen rufewa.

Filash kuwa gargaɗi ne, ranka ya daɗe shugaba, ina so kowa ya ji. Wasu tsofaffi, irin Vivitar 283 na farkon ƙira, wutar da ke ƙafarsu tana iya haura volt 200. Kyamarar ƙarfe ta da ba ta damu ba. Wasu na dijital an yi su ne don 'yan volt kaɗan. Kafin ka ɗora, kai wa mai gyaran rediyo ya auna da mita, ko ka tayar da shi daga nesa da tiriga.

Na bakwai: Wanne za a riƙe?

Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, to amma ba kowane tsohon gilashi ne zuma ba. A da hotonmu a ƙaramar takarda yake ƙarewa, aibi ya ɓuya. Yau kwastoma zai buɗe shi a waya ya ja da yatsu biyu har ya ga gashin gira. Gilasan lamba ɗaya, 50mm, 85, 105, 135, yawancinsu suna tsallake wannan jarrabawa, musamman daga f/4 zuwa f/8. Zum masu araha na shekarun 1980 yawancinsu faɗuwa suke yi, kuma ban ga dalilin sayen bodi dominsu ba. Tsofaffin ma masu kyau ba sa son rana a fuska, sukan wanke launi, don haka a sa musu hula.

Masu bidiyo, ku ma akwai rabonku. Tun da Canon 5D Mark II ta fito a 2008 da ɗaukar bidiyo, masu shirya fim suka shiga farautar gilasan hannu saboda santsin zobensu. Helios 58mm na Tarayyar Sobiyet, wanda ke zuwa manne da Zenit, yau nemansa ake yi don yadda yake murɗa bayan hoto. Kada wani ya sayar wa 'yan gwangwan da jakar mahaifinsa kafin ya bincika.

Amma kada son tsohon kaya ya sa ka rasa aiki. Shigowar amarya ba a maimaita ta don kana murɗa zobe. Ka mallaki gilashi ɗaya na zamani mai fokas da kansa don guje-guje, ka bar tsofaffin don situdiyo da hoton fuska da duk inda akwai natsuwa. Ranar saye kuma ka tafi da gilasanka da memorinka, ka ɗora kowanne, ka ɗauki abu na kusa da na nesa, ka koma ka duba a kwamfuta kafin kuɗi su bar aljihunka.

Mai girma shugaba, na ga ana nuna mini agogo.  Allah ya sa albarka a sana'armu. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya taimaka ya faɗi sunan kyamararsa da abin da aka rubuta a gaban gilashin, wanda kuma ya zo da nasa a jaka ya miƙo shi nan gaba mu duba tare.